Ƙananan motoci masu tuƙa kansu: yadda tsarin yake, inda aka gwada shi, da abin da ya shafi Daura

Tsarin ƙananan motoci masu tuƙa kansu, wanda injiniyoyi ke taƙaita sunansa da haruffa uku, PRT, wata hanyar sufurin cikin gari ce da ke amfani da 'yan ƙananan motocin lantarki marasa direba, masu ɗaukar mutum uku zuwa shida, waɗanda ke bin titin da aka gina domin su kaɗai. Fasinja yakan je tasha, ya zaɓi inda za shi a jikin allo, ya shiga, motar ta kai shi kai-tsaye ba tare da tsayawa a hanya ba. Burin waɗanda suka ƙirƙiro shi shi ne mutum ya samu irin sukunin da yake samu a motarsa, ya tashi lokacin da ya ga dama tare da waɗanda ya zaɓa, alhali bai sayi mota ba, bai sha mai ba, bai kuma nemi inda zai ajiye ta ba.

Babu wannan tsari a Najeriya ko a Nijar. Sai dai zancensa ya shafi Daura fiye da yadda ake zato, domin a nan ne aka kafa jami'ar tarayya da aka keɓe wa ilimin sufuri, ta nan ne kuma aka tsara layin dogon Kano zuwa Maraɗi zai ratsa. Garin da zai riƙa yaye injiniyoyin sufuri, yana kuma jiran tashar jirgin ƙasa, dole wata rana ya zauna kan batun yadda mutum zai isa tashar daga ƙofar gidansa.

Yadda tsarin yake aiki

Abu na farko da ya raba shi da jirgin ƙasa ko bas shi ne wurin da aka ajiye tasha. A layin dogo na yau da kullum tashar tana kan hanya, don haka idan jirgi ya tsaya sauke fasinja, duk wanda ke bayansa sai ya jira. A tsarin ƙananan motocin kuwa ana gina tashar a gefe, a yi mata 'yar karkatacciyar hanyar shiga da ta fita, kamar yadda gidan mai yake a gefen babban titi. Motar da ke da fasinjan wannan tasha ita kaɗai ke ratsewa, sauran su wuce abinsu. Wannan ne ya sa mutum ke iya tafiya daga farko zuwa ƙarshe ba a tsaya da shi ba, ko da tashoshin da ke tsakani sun kai ashirin.

Na biyu shi ne mota ce ke jiran fasinja. Babu jadawalin tashi, babu kuma zaman jiran mota ta cika, wanda duk mai shiga tasha a Arewa ya san azabarsa. Kwamfutar da ke cibiyar kula da tsarin tana sane da inda kowace mota take, tana kuma tura waɗanda babu kowa ciki zuwa tashoshin da take hasashen za a buƙace su. Wannan aiki na rarraba motocin da ba su da fasinja yana daga cikin mafiya wuya, domin da safe kowa wuri ɗaya ya nufa, motocin su taru a can, unguwanni kuma su zama wayam.

Titin kansa siriri ne, na kankare ko na ƙarfe, galibi a ɗage kan ginshiƙai kamar 'yar gadar sama. Da yake motocin ba su da nauyi, ginshiƙan ba sa buƙatar kaurin na gadar tirela. Yawancin motocin tayar roba gare su. Wasu suna zuƙar wuta daga sandar lantarkin da aka shimfiɗa a gefen titin, wasu kuma batir gare su, suna caji yayin da suke tsaye a tasha. A mararraba motar ce da kanta ke zaɓen dama ko hagu, titin ba ya motsi, saɓanin layin dogo inda sai an juya ƙarfen kafin jirgi ya sauya hanya.

Tarihinsa

Tunanin ya taso ne a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da motocin gida suka cika birane. Wani masanin tsara birane mai suna Donn Fichter ya wallafa littafi a kan batun a 1964, kuma kafin ƙarshen wannan goma na shekaru gwamnatin Amurka ta fara zuba kuɗi a binciken. Jamus, Faransa da Japan suka bi sahu, kowacce da nata samfurin.

Wanda ya rayu daga wancan zamani shi ne na Morgantown, wani ƙaramin gari mai mutane kimanin 30,000 a jihar West Virginia. Garin yana matse ne tsakanin kogin Monongahela da tsaunuka, jami'ar jihar kuma ta yi girman da ya sa aka rarraba sassanta a wurare dabam-dabam. Motocin bas da ke jigilar ɗalibai sukan maƙale a cunkoso har ɗalibi ya rasa darasi. Wani malamin jami'ar, Farfesa Samy Elias, shi ya yi ta fafutukar a gwada sabon tsarin a can. Kamfanin Boeing mai ƙera jiragen sama ya yi motocin, aka nuna wa duniya samfurin a watan Oktoban 1972, 'yar Shugaba Richard Nixon tana cikin manyan baƙi, ana saura 'yan makonni zaɓe. Bai fara ɗaukar fasinja ba sai 1975, kuma a 1979 aka kammala kashi na biyu, tashoshin suka zama biyar a kan tazarar da ba ta kai kilomita shida ba.

Gaggawar da 'yan siyasa suka sa wa aikin ta yi masa illa: an fara gini kafin a gama zane, kuɗin ya ninka ƙiyasin farko sau da dama har ya haura dala miliyan 100. Wannan tsada ta sanyaya gwiwar gwamnatin Amurka, ba ta sake gina irinsa ba. Duk da haka tsarin na Morgantown yana aiki har yau, yana ɗaukar fasinja fiye da 10,000 a ranakun karatu. Motocinsa sun fi na ainihin PRT girma, mutum takwas a zaune, goma sha biyu a tsaye, shi ya sa wasu masana ke cewa ba a sa shi a layin da ya dace ba. Saboda dusar ƙanƙara, an binne bututan ruwan zafi a cikin titin domin narkar da ita, abin da ke cin kuɗi mai yawa duk hunturu.

Sauran ba su yi wannan sa'a ba. Jamusawa sun gwada nasu mai suna Cabinentaxi a garin Hagen cikin shekarun 1970, ya yi aiki yadda ake so, amma shirin kafa shi a Hamburg ya mutu saboda rashin kuɗi. Faransawa sun shafe shekara goma sha bakwai suna fama da Aramis a birnin Faris kafin su watsar da shi a 1987.

Sai bayan shekara ta 2000 aka sake waiwayar batun, da kwamfuta ta yi araha, batir kuma ya inganta. A ƙarshen 2010 aka buɗe wani gajeren layi a Masdar, sabon birnin da Abu Dhabi ke ginawa a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da motocin fasinja goma na wani kamfanin ƙasar Holan, masu bin maganaɗisun da aka binne a ƙasa. An so tsarin ya mamaye birnin baki ɗaya a hana motocin gida shiga, amma aka janye saboda tsada, aka bar shi da tashoshin fasinja biyu. A 2011 filin jirgin saman Heathrow da ke Landan ya buɗe nasa, motoci 21 masu kujeru huɗu a kan titin da bai kai kilomita huɗu ba, tsakanin tasha ta biyar da wurin ajiye motocin matafiya. Fasahar ta fito ne daga binciken Farfesa Martin Lowson na Jami'ar Bristol, gudun motocin kuma bai wuce kilomita 40 a awa. A 2014 garin Suncheon na Koriya ta Kudu ya buɗe layi mai motoci 40 da ke kai masu yawon buɗe ido bakin wani fadamar da aka killace.

Duk wanda ya dubi wannan jeri zai lura da abu ɗaya. Jami'a, filin jirgi, sabuwar unguwa, wurin shaƙatawa: ko'ina fili ne da ke hannun hukuma guda, tafiyar kuma gajeriya ce. Bayan shekara sittin ana magana, babu birni ko ɗaya da ya maye gurbin motocin gida da wannan tsari.

Inda masana suka saɓa

Jayayyar ta lissafi ce. Idan mota na wucewa duk bayan daƙiƙa uku, a awa guda motoci 1,200 za su bi titin. In kowacce ta cika da mutum huɗu, fasinja 4,800 ke nan. Amma da yake an yi tsarin ne domin kowa ya tafi shi kaɗai ko da iyalinsa, yawancin motocin mutum ɗaya ko biyu za su ɗauka, ga kuma waɗanda ke komawa wayam, adadin sai ya faɗo ƙasa da rabi. Jirgin cikin gari mai ɗaukar mutum dubu, idan yana tashi duk bayan minti uku, zai kwashe 20,000 a wannan awar.

Rage tazarar ma ba abu ne mai sauƙi ba. Ƙa'idar da hukumomin layin dogo suka gada ita ce dole abin hawa ya bar tazarar da zai iya tsayawa cak ko da na gabansa ya ƙame nan take kamar ya daki bango. A Morgantown tazarar daƙiƙa 15 ce.

A kan wannan ne Farfesa Vukan Vuchic na Jami'ar Pennsylvania ya gina sukarsa, wadda har yau ba a ba ta gamsasshiyar amsa ba. A ganinsa, inda jama'a suka yi yawan da za a iya mayar da kuɗin gina titi na musamman, ƙananan motoci ba za su iya kwashe su ba. Inda kuwa jama'a ba su da yawa, ƙananan motoci sun isa, amma babu mai biyan kuɗin titin. Magoya bayan tsarin, irin su J. Edward Anderson na Jami'ar Minnesota, sun mayar da martani da cewa kuskure ne a auna shi da layi ɗaya. An tsara shi ne ya zama kamar raga, hanyoyi da yawa masu ratsa juna, ta yadda nauyin zai rarrabu. Matsalar ita ce ba a taɓa gina ragar ba balle a gani.

Motar gida da nauyin da ke kan mai ita

Hujjar magoya bayan tsarin mafi ƙarfi ita ce ɓarnar da ke tattare da motar gida. Masu nazarin birane sun daɗe suna ƙiyasta cewa mota kan shafe kusan kashi 95 cikin 100 na rayuwarta a ajiye. Ma'aikaci ya tuƙa ta minti ashirin da safe, ta yini a rana a harabar ofis, ya sake tuƙa ta minti ashirin da yamma. A tsakani kuɗinsa ne ke zaune yana tsufa.

A Najeriya wannan lissafi ya fito fili tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kai 617 a watan Yuli, a ƙarshen 2024 kuma ta zarce naira 1,000 a wurare da dama. Ma'aikatan gwamnati da yawa sun jingine motocinsu sun koma hawa babur ko keke mai ƙafa uku, Jihar Edo har ta rage ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024 bai cika tankin babbar mota ba. Ga ɗan kasuwa ma haka abin yake, duk kwabon da ya tafi a mai daga ribarsa ya fita.

Wato buƙatar abin da zai maye gurbin motar gida ta riga ta tabbata a nan, kuma talauci ne ya kawo ta, ba cunkoso ba kamar a Turai.

Daura a wannan ma'auni

A watan Disamban 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a Daura, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya ɗauki nauyin ginawa a kan kimanin dala miliyan 50. Kamfanin ne ya shimfiɗa layin dogon Abuja zuwa Kaduna da na Legas zuwa Ibadan. A watan Fabrairun 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka bai wa kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, zai bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya. Ban da waɗannan, garin na da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da asibitin sojojin sama.

Ta wata fuskar Daura ta yi kama da Morgantown: gari ne matsakaici da manyan makarantu suka sauka a gefensa, kuma akwai 'yan wurare sanannu da jama'a ke kai-komo tsakaninsu kullum, wato tsohon gari da fada, kasuwa, tashar mota, makarantu da asibitoci. Idan har akwai inda gwajin ƙaramin layi zai yi ma'ana a masarautar, to cikin harabar jami'ar ne, ko tsakaninta da tashar jirgin ƙasa, inda filin yake hannun gwamnati, inda kuma layin zai zama ɗakin gwaji ga ɗaliban injiniya. Wannan shi ne darasin da ke cikin tarihin tsarin, domin duk inda ya ɗore irin wannan wuri ne.

Ta sauran fuskoki kuwa bambancin yana da yawa. Na farko wutar lantarki. Daura tana cikin yankin kamfanin KEDCO mai rarraba wuta a Kano, Katsina da Jigawa, kuma ba a manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Motar da ta tsaya da fasinja a kan gadar sama da tsakar ranar watan Afrilu ba ƙaramin haɗari ba ce. Tsarin da zai yi aiki a nan dole ya zama mai batir, da tasharsa ta hasken rana. Rana dai akwai ta, amma ƙurar hunturu da ke rufe faifan sola ita ce kuma za ta riƙa dushe idanun na'urorin da motar ke gane hanya da su. Abin da dusar ƙanƙara ta zame wa Morgantown, shi ƙura da yashi za su zame wa Daura.

Na biyu tsarin gari. Lungunan da ke kewaye da fadar Sarki da rijiyar Kusugu ba su da faɗin da za a kafa ginshiƙai, manyan titunan kuma su ne hanyar dawakai a hawan Sallah da na Gani. Akwai kuma abin da littattafan injiniyoyin Turai ba su tanada ba: gidan Bahaushe tsakar gidansa a buɗe take ta sama, katanga ce ke tsare sirrin iyali. Titin da aka ɗaga sama da katanga zai sa duk mai wucewa ya riƙa leƙa gidajen mutane, kuma da wuya a samu unguwar da za ta amince da haka.

Na uku irin kayan da ake ɗauka. Zirga-zirgar masarautar, daga Daura zuwa Mai'adua, Zango, Baure da Sandamu, ko zuwa kan iyaka a Kongolam, ta fatake ce da manoma. Mai zuwa kasuwar Mai'adua da buhunan gero ko tumaki ba zai samu abin da yake so a 'yar mota mai kujeru huɗu ba, tazarar ma ta wuce abin da aka taɓa gina wa irin wannan titi.

Sannan ga abokin hamayyar da ya riga ya kama wuri. Keke mai ƙafa uku, wanda gwamnatin Obasanjo ta yaɗa da sunan Keke Napep a farkon shekarun 2000, yana yin kusan duk abin da aka ƙirƙiri PRT dominsa. Ƙarami ne, ana samunsa a kowane lokaci, wanda ya ɗauki shata ana kai shi kai-tsaye, har ma ya fi, domin yana shiga lungu ya sauke mutum a ƙofar gida, ba ya kuma buƙatar a gina masa titi. A Kano gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da shi a 2005 domin sauƙaƙa wa mata, daga nan ya samu sunan A Daidaita Sahu, ya kuma mamaye birnin bayan hana acaɓa a watan Janairun 2013. Yajin aikin da direbobinsa suka yi a Janairun 2022 ya nuna matsayinsa, domin kwanakin da suka ajiye aiki ma'aikata da 'yan makaranta da ƙafa suka riƙa tafiya.

A nan ne lissafin Turai yake kifewa. A Landan albashin direba shi ne babban kaso na kuɗin tafiyar da bas, don haka cire direba riba ce. A Daura direban ne mafi araha a cikin harkar, mai da kayan gyara su ne masu tsada. Kuma kowane keke yana ciyar da gida biyu ko uku: na direba, na mai keken da ake kai wa balas, da na bakanike. Tsarin da zai kori direba ya kawo na'urar da sai an sayo da dala ya warware matsalar da garin ba shi da ita, ya ƙara wadda take damunsa.

Abin da ya biyo baya

A duniya ma akalar binciken ta karkata. Tun watan Oktoban 2020 kamfanin Waymo ya buɗe wa jama'a tasi marasa direba a yankin Phoenix na Amurka, kamfanin Baidu kuma yana yin irin haka a Wuhan da wasu biranen Sin. Waɗannan suna bin titin kowa da kowa, don haka sun kauce wa kuɗin gina titi na musamman, wanda shi ne ya kashe yawancin shirye-shiryen PRT. Amma sun gaji cunkoso, suna kuma buƙatar titi mai zanen layi, da alamomi, da taswira mai bin diddigin kowane taku. Titin da babur, amalanken shanu, mai tura ruwa da akuya ke rabawa jarrabawa ce da ba a kai ga yi musu ba.

Ɓangaren tsarin da ya fi kusa da isowa Arewa shi ne na lantarki. A 2021 hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya yi suna a kamfanin General Motors, ta buɗe tashar cajin motoci da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya riƙa mayar da ƙananan bas masu amfani da fetur zuwa masu batir, suna jigilar fasinja a cikin gari. Keke mai batir da ake cajinsa a rumfar sola yana cire kuɗin mai, direba kuma yana nan a kan kujerarsa, kuma titin da ake da shi ya ishe shi.